Ba'amurkiya: Motar Da Na Ɗauki Matata A Ciki

Jama'a, abin da zan ba ku ba ji na yi a bakin wani ba, a kaina ya faru, kuma wallahi tallahi in na ƙara ko da kalma ɗaya Allah Ya tambaye ni. A shekarun alif ɗari tara da saba'in ne, bayan an koma tuƙin hannun dama, ruwan Tiga ya fara gangarowa ta kanal, mutanenmu na tsakanin Kura da Bunkure sun kama noman rani, alkama da tumatur ko'ina kore shar. Ni kuwa a lokacin direba ne a gidan wani Alhaji ɗan kwangila a ƙauyenmu, wanda ya samu aikin kai tsakuwa wajen ginin kwalbatoci, arziki ya zo masa farat ɗaya har ya rasa inda zai sa kansa.

Wata rana ya tafi Zariya ya dawo da wata mota baƙa wuluk, wadda tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin mai tsawonta ba. Ƙirar Amurka ce, ta wani kamfani da ba zan kama sunansa ba don su ba su yi mini laifin komai ba, amma duk tsohon direba ya san shi, shi ne mai yi wa shugabannin ƙasa da attajiran can motocin alfarma. Ba ta da kuloci, ita ke sa wa kanta giya, in ka taka totur sai ka ji kamar a kan ruwa kake, ko ƙarar inji ba ka ji. Kujera a gaba kawai take, sai gilas a bayan direba, daga nan har ƙarshe fili ne shimfiɗe da darduma ja, tagogi duk da labule mai tattara, ƙasan kuma da wasu 'yan gare-gare na ƙarfe. Alhaji ya ce ai na tura akwatuna ne, su Turawa ba sa son wahala. Kowa ya ce lallai kam. Nan take gari ya sa mata suna Ba'amurkiya.

Abin da ya fi burge mutane labulen nan ne, don an ce ga motar da ta san darajar matan kulle. Duk bikin da za a yi daga nan har Madobi sai an zo aron Ba'amurkiya, a jera matasai a baya, amarya da ƙawayenta su zauna ana guɗa. Ni kuwa, kai, ai ƙafata ba ta taɓa ƙasa! In na fito da hula a karkace yara suna bin mu da gudu, ji nake ba wanda ya kai ni a duk lardin Kano.

To, da yake ita ce ƙaramar mota ɗaya tilo a garin, sai aka fara kawo mata marasa lafiya. Na farko wani dattijo ne mai sayar da goro, zazzaɓi ne kawai, da ƙafarsa ya shiga yana yi mini tsiya wai in tuƙa a hankali kar in zubar masa da haƙoran da suka rage. Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Kafin mu kai Kura ɗansa ya buga mini gilas yana salati. Na biyu wani Bafulatani ne da bijiminsa ya soka a cinya, raunin da kowa ya ce ɗinki ne kawai, aka kwantar da shi, shi ma bai sauka da rai ba. Aka ce ajali, ni ma na ce ajali, to me za ka ce?

Ana nan sai wani abu ya lalace a birkinta, na kai ta Sabon Garin Kano wajen wani tsohon bakanike mutumin Gana da muke kira Baba Gana, don shi kaɗai ya san kan motocin Amurka. Yana ganinta ya ajiye sifana, ya zagaya ta, ya leƙa baya, ya dube ni ya ce, “Direba, wa ya mutu?”

Na ce ba wanda ya mutu, motar maigidana ce, amare muke ɗauka. Wallahi sai da ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya ce shi ya yi aiki a Legas shekara da shekaru, kuma wannan motar ya san ta. Ya ce kamfanin nan tun zamanin da ake tayar da mota da handul, ƙarfen nan da ake murɗawa da hannu, suke, suna cikin na farko da suka raba mutane da wahalar handul, har ta kai a can ƙasar in an ce mutum ya yi arziki to motarsu ya hau. Su kuwa attajiran da suka saba hawanta da rai sai suka ce ba abin da zai kai su kabari sai ita, shi ne ake sayen gangar jikinta doguwa a gina mata ɗaki a baya. “Gare-garen nan na tura akwatin gawa ne,” in ji shi. “Ta yi wannan aiki a can, aka kawo ta Legas ta ci gaba da shi. Wanda ya saye ta ya kai Zariya, shi ma bai sani ba kamar ku, rannan da azahar ya shiga baya ya miƙe don ya sha iska, sai gawarsa aka fito da ita. A zaune ba komai. Amma kar ka bari mai rai ya kwanta mata.”

Ku tuna mu ba mu san wata motar gawa ba, namu a makara muke ɗauka a kafaɗa, ina za mu gane? Na dawo na gaya wa Alhaji. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Kai dai wallahi sakarai ne. Tsohon nan so yake in tsorata in sayar masa da araha. Ƙarfe ne ke kashe mutum ko Allah?” Na gaya wa abokaina a tasha, suka mayar da ni abin tsokana, in na wuce su ce ga direban lahira nan. Na gaji na bar maganar, sai dai daga ranar duk wanda zan ɗauka sai na ce ya zauna, ko da za a riƙe shi ne.

Matata Hajara a lokacin tana da tsohon ciki, na fari. Yarinya ce mai dariya, in na dawo da ƙurar hanya sai ta ce wai motar ta fi ni wanka. Da bazara, ana tsakiyar girbin alkama, naƙuda ta kama ta tun asuba, har rana ta take abu ya ƙi, jini ya ɓalle. Ungozomar garin, Iya Tabawa, ta leƙo zaure ta ce mini, “Ɗan nan, wannan ya fi ƙarfina, sai asibitin birni, kuma yanzu.”

Na fita neman wata mota. Babbar motar Alhaji ta tafi kudu da tumatur, na hau keke na je sansanin ma'aikatan ruwa ko zan sami jif ɗinsu aka ce ta fita tun safe, tarakta kuwa kafin ta kai titi an gama komai. Ba abin da ya rage sai Ba'amurkiya. Na ce to a sa Hajara a gaba kusa da ni, a zaune. Iya Tabawa ta ce, “Kana da hankali kuwa? Mace a wannan hali, a zaune, a gaba, duk maza suna kallo? Ga inda Allah Ya yi sutura da labule!” Na ce Iya, motar gawa ce, wallahi duk wanda ya kwanta ba ya tashi. Ta ce, “A'uzubillahi! Kar ka yi saɓo, ka bar mugun baki a kan matarka.” Na roƙe su ko jingina ta su yi, suka jingina ta da matasai, Iya ta shiga ta tallafe ta. Hajara ta dube ni, leɓenta ya bushe, ta ce, “Malam, mu je kawai.”

Na kama hanyar gefen kanal, wadda na sani kamar tafin hannuna, jar ƙasa ce a daddaɓe, a kanta na sha zuba gudu. Ba mu yi nisa ba na waiga ta gilas na ga Hajara ta zame daga matasan, ta miƙe a kan dardumar nan, Iya tana yi mata fifita. A daidai nan motar ta sauke gudu. Inji bai mutu ba, bai yi tari ba, mai a cike, amma ta koma tafiyar ƙafa, irin tafiyar mutanen da suka ɗauko abu mai nauyi. Na taka totur har ƙasa, na miƙe tsaye a kansa, na ja giya na mayar, ko gezau. Rana tsaka, jama'a, ido na ganin ido!

Sai na lura da masu girbi. Duk gonar da muka zo wucewa sai su ajiye lauje su miƙe tsaye, ba mai ɗaga mini hannu kamar kullum, ba yaron da ya biyo mu da ihu, wasu na ga bakinsu yana motsi, wasu suka hau kan hanya suka bi bayanmu 'yan taku kaɗan suka tsaya. Na leƙa ta taga ina ihu, ku zo ku tura, ku taimake ni! Ba wanda ya ko kalli inda nake. Na duba madubin gefe, sai ga mutane a jere a bayanmu, dogon layi har inda kanal ya karya, maza da mata, farare da baƙaƙe, cikin baƙaƙen kwat da huluna irin waɗanda ban taɓa gani a ƙasar nan ba, kansu a sunkuye, suna tafe ba sa tayar da ƙura. Na juya da idona, hanya fayau ba kowa. Na koma madubi, suna nan.

Na yi niyyar tsayawa in ciro Hajara in goya ta a bayana, na taka birki, shi ma ya ƙi. Motar ba ta gudu, ba ta tsayawa. Ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina kuka kamar yaro, Hajara kuwa ina jin muryarta ta cikin gilas, a hankali, tana cewa, “Malam, don Allah ka yi sauri. Me ya sa kake tafiya a hankali?” Ta faɗa, ta sake faɗa.

Muna hawa kwalta a Kura motar ta zabura kamar an sake ta, har sai da na kusa faɗawa rami. A lokacin ne Iya Tabawa ta buga gilas ta ce, “Juya, ɗan nan. Juya gida.” Hajara ta cika, ita da abin da ke cikinta duka. Da na tambayi Iya daga baya ko ta ga abin da na gani, sai ta ce ita ba ta ga kowa ba, ta dai yi mamakin yadda na ƙi sauri.

Ana zaman makoki sai wani manomi, Malam Ɗanjuma, wanda gonarsa ke bakin kanal, ya zo gaisuwa. Bayan an shafa fatiha ya matso ya ce in yafe masa, ya bi mu kaɗan ya koma don ba shi da alwala. Sannan ya ce, “Amma abin da ya ɗaure mana kai, me ya sa kuka nufi Kura da ita, ga maƙabarta a gabas? Kuma su wane ne suka ɗauko ta? Ba mu shaida ko ɗaya ba.”

Na ce wace irin magana ce wannan, a mota muke, asibiti za mu, da ranta. Ya dube ni ya dubi na kusa da shi, su ma duk masu girbin ranar ne. Ya ce, “Wace mota? Mu makara muka gani a kafaɗar mutane, kai kana gaba kana tafiya a ƙasa.” Sauran suka gyaɗa kai.

Ban sake taɓa sitiyarin Ba'amurkiya ba, na bar aikin, na bar garin. Alhaji bai ce na yi gaskiya ba, bai ce na yi ƙarya ba, na dai ji ya sa an yi mata farin fenti ya sayar wa wani mai kuɗin gyaɗa can wajen gabas, kuma na tabbata bai gaya masa komai ba. Na tambayi malamai, wani ya ce aljanu, wani ya ce firgici ne, ba wanda ya iya gaya mini yadda mutum goma za su yi firgici iri ɗaya.

Shawarata gare ku, in za ku sayi tsohuwar mota ku bar kallon fenti, ku tambayi aikin da ta yi kafin ta zo hannunku, in mai sayarwa ya kau da kai ku ma ku kau da ƙafa. Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, ban taɓa musun wannan ba. Abin da ya hana ni sakewa har na tsufa shi ne, lokacin da mutanen nan suka ajiye lauje suka miƙe wa gawarta, Hajara tana da rai, tana roƙona in yi sauri, kuma ta tafi tana zaton ni ne na ƙi.