Fatsar Baba a Gefen Hagu

Shekarar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, ni da Yayana mun daɗe ba mu yi hira mai daɗi ba. Shi ne babba, ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, kuma ya riga ya gama shawararsa: a sayar da jirgin kamun kifin Baba, a ɗauko tsohon daga Argungu a kawo shi gidansa a unguwar Nasarawa, ga ɗaki, ga fanka, ga asibiti kusa. Ni kuwa gyaran wayar keke napep nake yi, ba ni da ɗakin da zan ba kowa, amma na san Baba. Mutumin da tun yarinta ƙafarsa ke cikin gulbi, shi za ka ajiye a gaban talabijin? Na ce wa Yaya wallahi gatan nan ne zai kashe shi.

Baba ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Yana takawa da sanda, bakinsa ya koma daidai, har faɗansa ya dawo. Hannun dama ne dai ya ƙi. Yana ɗaguwa, amma yatsun ba sa damƙa. Jefa birgi, ragar kamun kifi, kam ya ƙare, tunda aiki ne na tsaye da hannu biyu.

Da na ishe shi da mita, Yaya ya ce, "To, na ji. Kai shi ruwa. In ya kama wani abu da kansa, ba Baffa ya kama masa ba, na bar maganar. In ya kasa, jirgi ya tafi, kai kuma ka rufe mana baki."

Baffa ƙanen Baba ne. Tare suke su tun kafin a haife mu, shi ke tsayawa a baya yana tuƙi da gora.

Dabarata ita ce fatsa. In Baba ba zai iya riƙe sandar fatsa tsawon safiya ba, sai jirgin ya riƙe masa. Na biya ta Zauro wurin wani abokina mai noman shinkafa, ya ba ni guntayen fayif, wato bututu, da suka rage daga rijiyar fadamarsa. Na haɗa da noti, da sabuwar waya, da tsohuwar jarka, na hau mota zuwa Argungu.

Batir ne ya fara ba ni aiki. Na fitila ne da rediyo, ya yi shekaru a tsakiyar jirgin, daidai inda Baba zai zauna ya miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa sosai. Baffa ya ce a mai da shi baya kusa da shi. Na ce haba Baffa, kai da batir a wuri ɗaya, ai goshin jirgin sama zai kalla. Ya zage ni, ya ce tun ina tsumma yake tuƙi, sannan ya taya ni ɗauka. Muka kai shi can gaba. Na yanke kan jarkar na zaunar da shi ciki don kada ruwa ya taɓa shi, na ɗaure da robar taya, na bi da waya ta ƙarƙashin katakon gefe. Da muka tura jirgin ruwa ya zauna daram. Baffa ya yi kamar bai gani ba.

Sai fayif. Na huda katakon, na ɗaure su a karkace yadda sandar za ta leƙa ruwa. A gefen dama na sa su, kuma babu wanda ya ga laifin haka, har Baba da ke zaune kan turmi yana ba da umarni. Wa zai yi tunanin wani gefe? Da dama muke ci, da dama muke karɓa, tun muna yara ake buge mana hagu in mun miƙa ta.

Washegari da hantsi Yaya ya iso cikin farar shadda, ya tsaya ƙarƙashin bishiya a bakin gulbi ya harɗe hannu. Muka shiga, ni a gaba kusa da batir, Baba a tsakiya, Baffa a baya. Na soka tana a ƙugiya, na zura sandar a fayif. Iska na kaɗawa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Na waiga na ga Baba ya lumshe ido yana shaƙar warin ruwa, sai na ji daɗi ya cika mini ciki.

Ba a jima ba bakin sandar ya lanƙwasa. Baba ya kai hannun dama, yatsun suka zame. Ya sake kaiwa, suka sake zamewa. Kafin ya juyo da jikinsa kifin ya cinye tanar ya yi gaba. Haka aka sake yi da kifi na biyu. Baffa ya kau da kai yana kallon ciyawa. Daga nesa ina hango farar rigar Yaya.

Raina ya ɓaci da kaina. Na ce, "Baffa, mu koma gaɓa." Muna isa na zaro sifana na hau kwance notin.

Baba ya ce, "Kai, mi kaka yi?"

Na ce, "Hagu zan mai da su, Baba."

Ya buga sandarsa a ƙasan jirgi. "Hagu? Ni? Arzikin da Allah ya aiko min, in tarbe shi da hagu? Tunda nike ban taɓa hidda kihi da hannun ga ba."

Na ce, "To sai ka zaɓa, ko hagu ko fankar Yaya."

Baffa ya tuntsire da dariya har gora ta kusa kuɓuce masa. Baba ya kira ni ɗan banza marar kunya, amma bai hana ni ba.

Wannan karon ba mu yi nisa ba, gefen ciyawar da ke kusa da gaɓa muka tsaya. Rana ta fara zafi. Na soma tunanin yadda zan kalli Baba a ɗakin Nasarawa, sai sandar ta sunkuya da ƙarfi. Baba ya cafke ta da hagu, ya tokare gindinta a cinyarsa, ya ja. Tarwaɗa ce, ba wata babba ba, kamar tsawon damtsena. Ta faɗo cikin jirgi tana watsal-watsal. Na yunƙura zan taimaka, ya daka mini tsawa.

Ya danne ta da ƙafa, ya zare ƙugiyar. Sannan ya kama hannunsa na dama da na hagu, ya ɗago shi a hankali, ya ɗora tafin a kan bayan kifin. Ya ce wa damar tasa, "Bismillahi. Karɓi, ke ta ka karɓa." Ya bar hannun a wurin har kifin ya lafa.

Ban san lokacin da Yaya ya cire takalmi ba. Sai ganinsa na yi cikin ruwa har gwiwa, shaddar ta jiƙe sharkaf. Ya kama fayif ɗin ya girgiza, ya ce da ni, "Wannan notin bai ɗauru ba. Miƙo sifana." Bai sake ta da maganar sayar da jirgi ba.

Da yamma muka ci tarwaɗar da tuwon shinkafa, kowa ya samu ɗan yanki. Kafin in koma Birnin Kebbi na ɗauko kwalta zan toshe hujojin da na yi a gefen dama, Baba ya hana. Ya ce in mai da fayif guda wurin, in ɗaure shi da kyau, saboda ranar da dama za ta warke. Na ɗaure. Har yau yana nan, duk lokacin da na je sai ya sa na duba notinsa.