Waƙar da Baba ya hana a ɗauka

Lokacin da nake aikin kula da tsofaffi a Catford, can ƙasar waje, council, wato hukumar yankin, suka haɗa ni da wani dattijo ɗan Turkiyya, ina ce masa Baba. Masanin tarihi ne, ya yi littattafai kan mawaƙan Istanbul na da, yana tsara waƙa, yana busa sarewa. Ni nawa wanka ne da magani da shayi. Ran da ya ji ina waƙar zumuntar mata a kicin, sai ya ce in bar kwanonin nan in zo in zauna.

Akwai wata tsohuwar waƙa da ya karɓa a bakin malaminsa, ba a taɓa rubuta ta ba. A al'adarsu ɗalibi gaban malami yake zama, gwiwa da gwiwa, suna buga cinya da tafin hannu, malami ya rera, ɗalibi ya maimaita har ta zauna masa. Ya ce a iya saninsa shi kaɗai ya rage da ita. Likita kuwa ya riga ya faɗi abin da na daɗe da gani: mantuwa ta kama Baba.

Na ce ga waya, mu ɗauka kowa ya huta. Ya ƙi. Wai ya yi wa malaminsa alkawari daga baki sai baki. Na roƙa, na yi faɗa, na ce ban taɓa ganin taurin kai irin nasa ba, ko a tsofaffinmu na Jos. Bai canja ba. Sai ya ga na ajiye wayar a kicin, na rufo ƙofa, sannan zai buɗe baki.

To ni ina na ji Turkanci? Haddar sauti kawai nake yi. Ga maƙogwarona ya saba da coci, duk inda waƙar Baba ta ɗan zame sai in miƙe ta, ya ce a sake. A bas nake bugun cinya kamar wadda ta zare, har ƙanwata ta ce, "Yaya, ki yi slow down, ba fa aikinki ba ne." Na sani. Amma tsoro nake ji, tsoro na gaske, don kowane mako da abin da yake zubewa daga kansa. Ya manta sunan titinsa, ya manta yadda ake riƙe sarewar. Na riƙa zuwa har ranar hutuna, ina addu'a a hanya Allah Ya sa in same shi da hankalinsa.

Rabin farko na samu. Daga nan ya fara tsayawa a tsakiya, hannu a sama, yana kallona.

Wata safiya na gama ba shi shayi, na ja kujera gabansa, na rera abin da nake da shi ko zai tuno masa sauran. Ya lumshe ido, yana murmushi, hannunsa yana bin nawa. Na kai inda muka tsaya na yi shiru.

Ya buɗe ido ya ce, "'Yata, waƙar nan taku da daɗi. Ci gaba mana."