Firizar Barira da Ta Asiya

Barira matar Tasi'u mai faci ita ta fara shigo da firiza ƙauyensu, can gefen Zakirai, kuma ba ta bar kowa ya manta ba. Ƙarƙashin rumfar kwano ta girke ta, daidai ƙofar shigowa. Duk baƙuwar da ta zo sai an buɗe mata ta leƙa.

A shekarun nan da kwanon gero ya gagari talaka, wuta kuma awa uku take yi a yini in ta ga dama, da ƙanƙara da zoɓo Barira ke ɗora tukunya. Iliyasu mai babur ne ke sarar kayanta ya kai kasuwa.

Kwatsam sai maƙwabciyarta Asiya ta sayo wata tsohuwar firiza duk tsatsa. Tabɗijam! Ƙanƙarar Asiya kamar dutse, ta Barira kuwa ruwa zalla a leda. Waya ɗaya fa, wuta ɗaya! Iliyasu ya koma wuce ƙofarta, sai ɗaga hannu.

Hassada ta hana Barira sakat, har tuwo ya daina yi mata daɗi.

"Wallahi da wani abu," ta ce wa mijinta. "Ko satar wuta take yi, ko asiri."

Ran nan ta yafa mayafi ta faɗa gidan Asiya, wai aron rariya, ido sai yawo yake. Asiya baiwar Allah ta ja ta har ɗakin ƙasa mai sanyi. Ga firizar nan a inuwa, nesa da bango, da kwaɗo a jiki.

"Sau ɗaya nake buɗe ta a yini, Yaya. Zoɓon ma sai ya huce a randa nake sa shi. Taki kwano ke gasa ta, ga yawan buɗewa. Ki gwada mana."

A kyauta ta faɗa mata, tana murmushi. Wannan ya fi komai ƙona wa Barira rai. Har ta manta da rariyar.

Kwana uku tana cika tana batsewa, amma tukunya ba ta jira. Ta sa Tasi'u ya ja firizar ƙuryar ɗaki, inda ba mai gani. Ƙanƙara kuwa ta kama.

Iliyasu ya dawo. Ya ɗaga leda ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya washe baki.

"Kai, Barira, madalla! Kamar ta Asiya!"