Fentin da Rana Ba Ta Ci

Mijin yayata mai gyaran rediyo ne, ko in ce a da can, don yanzu wa ke kai rediyo gyara? Amma sunan ya bi shi, har jikokinsa Mai Rediyo suke ce masa. Ni kuwa tun ina 'yar mitsitsiyata, lokacin da yake zaryar neman Yaya, nake ce masa Angon Yaya. Shi kuma ya ce min Auta, in na ishe shi da surutu ya ce Tashar da Ba Ta Rufewa.

Mutum ne siriri mai sanƙo, yana tafiya kamar wanda ƙwai ya fashe wa a ciki. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da katifa, ciki sai warin dalma. In wani abu ya ƙone a rediyonka, ba zai taɓa sa maka jabu ba. "A nemo na asali," shi ne zancensa kullum. Sai ka gaji da zarya, shi ko a jikinsa. Da wannan magana ya ci abinci, da ita ya aurar da 'ya'yansa, kuma ita ce ta kai shi inda yake yau.

Abu biyu yake ji da su a duniya, Yaya da motarsa. Motar ta hannu ce, ya saye ta shekarar da aka haifi ɗansu na fari, kuma tun a lokacin ta riga ta sha jiki. A takarda dai shuɗiya ce. A ido kuwa wani abu ne tsakanin shuɗi da toka, kamar zanen da ya sha wanki. Rufin ya fi haske, ƙofofin sun ɗan fi duhu, bonet ɗin rana ta yi masa kyasfi. In na ce, "Angon Yaya, yaushe za a yi wa akwalar nan ritaya?" sai ya ce, "Ranar da aka yi wa bakinki."

Sai ciwon mantuwa ya kama Yaya. Da farko dariya muke yi, ta sa takalmi a firji, ta zuba gishiri a shayi. Daga baya dariyar ta ƙare. A lokacin mijina ya riga ya rasu, yarana kowa ya kama gabansa, sai na tattara komatsaina na dawo gidansu. Matar da ta goya ni ta koma ce min "baiwar Allah". Wannan na iya haɗiyewa. Nasa ne ya fi muni. Da safe in ya fito daga ɗaki da kofin shayinta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce min, "Wa ya bar namiji ya shigo mana har ciki?" Shi kuma ya ajiye kofin ya juya.

Wata rana da yamma ya dawo daga sayen magani. Muna zaune a baranda ni da ita. Motar na sako kai cikin gida, Yaya ta miƙe tsam, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "Ga Malam nan ya dawo." Ta je ta karɓi ledar hannunsa, har da yi masa faɗan ya daɗe. Ya tsaya riƙe da ƙofar mota kamar an dasa shi. Ranar har magariba ta san mijinta, suka yi hirar yara, ta tambaye shi ko ya ci abinci a shago, shagon da aka rufe tun tuni.

Daga nan abin ya zama aikinsa. In ta kwanta barcin rana sai ya fitar da motar, ya je ƙarshen layi ya faka ƙarƙashin wata bishiya, ya zauna yana jin labarai. In rana ta yi sanyi na fito da ita baranda, sai ya dawo kamar wanda ya taso daga aiki. In ya shigo da ƙafa, baƙo ne. In ya fito daga wannan motar, Malam ne. Ɗan wannan lokacin na yamma shi ne abin da ya rage masa na aurensa.

To, mota tsohuwa ba ta san da wannan ba. Tsatsa ta fara cinta ta ƙasa. Bayan damina bakanikensa ya duƙa ya danna gindin ƙofa da yatsa, yatsan ya wuce ciki. Ya ce, "Baba, in ba a kankare ta an cike ramukan an yi mata fenti ba, damina mai zuwa a bola za ta same ta." Ɗansu ya bugo waya ya ce a rabu da ita, zai aiko da wata. Uban ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya kashe wayar. Kai ta wurin masu fenti kuwa ba ta taso ba, don waɗannan in mota ta shiga hannunsu sai ta manta hanyar gida. Ya ce a gareji zai yi abinsa, ya ari injin feshi wurin bakanike.

Ranar sayen fenti na bar Yaya da maƙwabciya na bi shi, don ina da sayayyata a hanyar. Mai fentin wani ƙaton mutum ne, farcensa kowanne da launinsa, bakinsa kuma ya fi nawa. Ya ce iri biyu ne. Akwai na da, mai saurin bushewa, mai sauƙin fesawa a gida, in ka yi kuskure ka goge ka sake, amma rana na cin sa, kafin ka ankara ya koɗe. Akwai kuma na zamani, wanda ake haɗawa da wani ruwa mai sa shi tauri. Warinsa ba kyau, sai an rufe hanci, amma in ya kama ya kama.

"Wannan, Baba, rana ba ta cin sa. Jikanka zai gaji motar nan tana ƙyalli."

Mai Rediyo ya ce shi yake so, ba shi da ƙarfin yin aikin nan sau biyu.

Sai maganar launi. Mai fenti ya fito ya zagaya motar yana dariya. "Wanne zan haɗa maka? Na rufi, ko na ƙofa, ko na bonet? Ai motarka uku ce a haɗe." Sai ya buɗe 'yar ƙofar tankin mai, ya lashi yatsa ya goge cikinta. Wani shuɗi ya bayyana, mai duhu, mai zurfi, wanda rana ba ta taɓa gani ba.

"Ka ga yadda ta fito daga kamfani."

Na daɗe ban ga fuskar Angon Yaya ta yi haske irin na ranar ba. Ya duƙa yana kallo, ya ce, "Asalinta ke nan."

Na ce, "Ni dai tunda nake ban taɓa sanin motar nan da wannan launi ba."

Ya ce, "Auta, ke me kika sani a mota ban da kujerar baya?"

Mai fenti ya ƙyalƙyale, ni ma na yi dariya, aka haɗa fenti.

Aikin ya yi shi yadda yake gyaran rediyo. Ya kankare ta da samfefa tun daga rufi har ƙasa, bai bar ko faɗin tafin hannu na tsohon fentin ba. Ya cike ramuka, ya goge, ya shafa da hannu idonsa a rufe, ya sake gogewa. Ya lulluɓe gilasai da tsofaffin jaridu da salatif. Kafin ya fara feshi sai ya yayyafa ruwa a ƙasan garejin don kada ƙura ta tashi ta manne. Ya ɗaure hanci da baki, amma duk da haka in ya fito sai ya dafa bango yana tari. Wari ya cika gidan, har a shayi ana jin sa. Duk kwanakin nan Yaya na zaune a baranda da yamma, ba wanda ya dawo. In na gaya masa sai ya ce, "Saura kaɗan, Auta."

Gaskiya ɗaya ce, motar ta yi kyau. Da ya yaye jaridun sai ga fuskata a jikin ƙofa, har da wushiryata. Maƙwabta suka shigo suna sa albarka, bakanike ya ce ko masu sana'ar sai haka. Da rana ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya fesa turare, ya fita da ita ƙarshen layi.

Na fito da Yaya baranda. Motar ta shigo a hankali tana walƙiya. Yaya ta kalle ta, ta ja mayafi.

"Baiwar Allah, an yi baƙi."

Na ce, "Yaya, Malam ne fa. Duba da kyau."

Ya fito da ledarsa a hannu, ya tsaya inda ya saba tsayawa, yana jira a zo a karɓa. Ba ta tashi ba. Ta sunkuyar da kai ta ce min a hankali, "Ki ce masa maigidan bai dawo ba. In zai jira, ki ba shi kujera."

Na ba shi kujera. Ya zauna, ledar a kan cinyarsa. Na kawo masa ruwa a kofin baƙi, don tana kallona, ya karɓa ya ce ya gode. Ban yi kuka ba, shi ma bai yi ba. Wallahi ban ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Muka zauna mu uku muna kallon ƙofar gida har aka kira salla.

Washegari ya sake gwadawa, ya yi hon irin yadda ya saba. Ta ce baƙon jiya ne ya dawo. Ya koma wurin mai fenti ya ce a haɗa masa tsohon launin. Mai fenti ya ce, "Kawo min inda ya rage in gani." Babu inda ya rage. Hotunan da muka tono kowanne da abin da yake nunawa. Suka yi ta ɗiga fari da toka cikin shuɗi, ni ina cewa ya yi haske, shi yana cewa bai kai ba. Motar da muka yi shekara da shekaru muna shiga, ashe ba wanda ya taɓa kallonta sai Yaya. Ya fesa abin da suka haɗa a ƙofar direba kawai, don gwaji. Yaya ta dube ta ta ce, "Allah sarki, an buge wa baƙon nan mota."

Bai sake taɓa injin feshin ba, bakanike ya zo ya ɗauki abinsa.

Yanzu ba ya barin ta a gareji. Da safe yakan fito da ita tsakar gida, inda babu inuwa, in rana ta juya ya gyara mata tsayuwa. Ya hana a wanke ta, ya hana a rufe ta. Wani lokaci in gan shi ya buɗe 'yar ƙofar tankin mai yana gwada launin ciki da na waje. Har yau ɗaya ne. Mai fenti bai yi ƙarya ba. Na daina tsokanarsa, shi ma ya daina ce min Tasha, gidan sai ƙarar cokali.

Fitar yamma ma ya bari. In na fito da Yaya baranda sai ya yi sallama, ya ɗauki kujerar baƙi ya zauna ɗan nesa da ita. Ta saba da shi yanzu, ta ce mutumin kirki ne, ba shi da surutu. Jiya rana ta kusa faɗuwa, ta leƙa ƙofar gida ta gaji, sai ta juya wajensa.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri, kullum kana zuwa ba ka samunsa. Da ba haka yake ba. Ko ka gan shi a hanya? Motarsa wata tsohuwa ce, ruwan toka-toka."

Ya ce, "Na san ta, uwargida."

"To yana ina?"

Ya kalli motar da ke tsakar gida tana ƙyalli, ya gyara zama.

"Yana hanya," in ji shi. "Mu ƙara jira kaɗan."