Mai-agogo da Telan da Ke Leƙen Shafin Ƙarshe

Tela na kan keke yana haɗa wandon wani direba lokacin da 'yar Mai-agogo ta kira shi a waya. Ba ta ja magana ba, ta ce Baba ya cika ɗazu da hantsi, sai kuka ya ƙwace mata. Tela ya ajiye wayar cikin kwandon ƙyallaye, ya ci gaba da taka keke kamar ba da shi aka yi ba. Sai da direban ya taɓa kafaɗarsa ya nuna masa aikin da ya yi: ya ɗinke bakin ƙafar wandon ruf, har layi biyu. A nan hawaye suka zo masa, direba kuwa ya tsaya riƙe da wando, ya rasa ta kayansa zai yi ko ta lallashi.

Shekara ashirin da uku suna baranda ɗaya, keken Tela a dama, teburin gilashin Mai-agogo a hagu. Mai-agogo ɗan siriri ne, ba ya son hayaniya, ya girmi Tela da shekara huɗu. Ya aurar da 'ya'ya uku da ɗan hantsakinsa da gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. Da wayar hannu ta yawaita mutane suka rage ɗaura agogo, aiki ya ja baya, sai kwalin tsofaffin littattafan da ke ƙarƙashin teburinsa ya ƙara cika. Yakan karanta a fili, Tela na ɗinki yana saurare.

Littafin ban dariya da fuska a murtuke yake karanta shi, kamar mai duba takardar sammaci. Dariyar sai bayan kwana biyu take iso shi, galibi yana riƙe da wata 'yar kusa mai kamar ƙwayar yashi. Kusar ta yi tsalle, su biyun su duƙa suna lalube a ƙasa, shi yana ta ƙyaƙyatawa, Tela kuwa ya riga ya manta abin da ake wa dariyar.

Na tarihi shi ne mai ɓata masa rai. Yakan ɗauki ɓangare, kuma kullum ɓangaren da za a ci da yaƙi. Akwai ranar da ya ƙi cin abincin rana saboda wani shugaban mayaƙa da ya mutu shekara ɗari uku da suka wuce ya ƙetare kogi da damina. Ya ce tun shafi goma baya yake gaya wa mutumin nan ya jira ruwa ya janye, amma taurin kai ya hana shi ji. Tela ne ya cinye abincin, don taya shi baƙin ciki.

Amma inda suka fi haɗuwa shi ne littattafan binciken kisa. Sun yi ƙa'ida: in an kai tsakiya, kowa ya faɗi wanda yake zargi. Mai-agogo bai taɓa cin wannan gasa ba, don duk wanda ya gaida tsoho ko ya ba kyanwa abinci a cikin labari, ya wanke shi ke nan. Tela kuwa bai taɓa kuskure ba. Yakan lumshe ido, ya shafa gemu, ya ce shi dai likitan nan bai kwanta masa ba. A ƙarshe kuwa likitan ne.

Sirrin ba wani mai zurfi ba ne. Duk ranar da aka soma sabon littafi, da Mai-agogo ya zagaya bayan gini, Tela zai miƙa hannu ya buɗe shafin ƙarshe, ya haɗa baƙaƙen da ƙyar har sunan ya fito, ya mayar da littafin yadda yake. Karon farko wasa ya ɗauke shi. Sai Mai-agogo ya shiga kiransa Alƙali, yana gaya wa duk wanda ya kawo agogo cewa da an bar telan nan ya wuce aji biyar, da yanzu yana kotu. Tela, wanda tun yana yaro ba a taɓa yabon kansa ba sai dai hannunsa, ya ji daɗin da ya kasa mayarwa. Sau da yawa ya yi niyyar faɗin gaskiya, sai a kawo sabon littafi.

Da ciwo ya kwantar da Mai-agogo, abin ya tsaya wa Tela a wuya. Yana tsoron mutumin ya tafi yana girmama shi a kan ƙarya, yana kuma tsoron ya faɗa, girmamawar ta riga mai ita tafiya. Kullum da yamma yakan rufe shago ya je ya karanta masa, da irin karatunsa na tuntuɓe, mara lafiya yana gyara masa kalmomi daga kan gado.

Ranar Talata, kwana ɗaya kafin rasuwar, suka kai tsakiyar wani littafi da aka kashe mai otal. Mai-agogo ya juya fuska bango kamar barci ya ɗauke shi. Tela ya ce a ransa wannan ne na ƙarshe, daga shi ya tuba. Ya sa yatsa a hankali ya buɗe bayan littafin, sai ya tarar babu komai. An yanke shafukan ƙarshe da reza, tsaf, yankan mai gyaran agogo.

"To Alƙali," in ji Mai-agogo, bai ko juyo ba, "wa ya kashe shi?"

Gumi ya karyo wa Tela. Ya ce kuku. Ya ce a'a, matar mai otal ɗin. Ya koma kan wani mai kawo wasiƙa da aka ambata sau ɗaya tak. Da ya ga ya kusa zargin shi kansa wanda aka kashe, sai ya rufe littafin, ya sunkuyar da kai ya zayyana komai tun daga shekarar farko. Yana magana muryarsa na rawa, gadon ma yana rawa. Da ya ɗago sai ya ga dariya ce Mai-agogo yake yi, wannan karon a kan lokaci.

Ashe ya sani tun littafi na biyu. Ya ce duk littafin da ke kwalin nan, a kusurwar shafin ƙarshe akwai zanen babban yatsa da shuɗin allin tela. Mutumin da ke ganin ƙura a cikin agogo ne za a ɓoye wa wannan?

Tela ya tambaye shi don me bai taɓa tona shi ba, har yana yabonsa a gaban mutane. Mai-agogo ya maida numfashi. Sannan ya ce yadda Tela ke shafa gemu kafin ya yanke hukunci ya fi masa kowane littafin ban dariya. Ya ƙara da cewa mutumin da karatu ke wahalarwa, amma ya zauna shekara ashirin da uku yana sauraren wani yana faɗa da matattu, ai ya cancanci a ba shi kotu.

Tela ya goge ido da hannun riga. Ya miƙe zai tafi, har ya kai ƙofa, sai ya ji ba zai iya ba.

"Yaya, don Allah, wa ya kashe mai otal ɗin?"

"Ni ma ban duba ba. Shafukan suna ƙarƙashin filo. Ka dawo mu ƙarasa tare."

"Zan dawo."

"Ka wanke hannu kafin ka zo."