Tsohon da Ya Kawo Doya Gaisuwar Yayana

A wancan lokacin ni malamin firamare ne a Lafiya, ga baki ga bin diddigi, kuma tun muna yara nake jin haushin yayana. Soja ne, shi ne ɗan gaban goshin Inna. Ya rasu a yaƙin Saliyo, ko gawarsa ba mu gani ba, jakarsa kawai aka kawo mana. Amma wallahi kishin nan bai sake ni ba.

Ranar sadakar uku wani tsoho ya zo da doya ɗaure a bayan keke. Bai shiga cikin masu gaisuwa ba, ya raɓe a bakin zaure yana share hawaye. Da Inna ta leƙo ta gan shi, sai da ta dafa bango. Ni kuwa na ƙura wa kunnuwansa ido, irin na yayana ne sak. Da ma na kama bakina! Ina, washegari na bi sawunsa har Assakio, na shara masa ƙarya cewa Inna ce ta aiko ni. Bawan Allah ya saki jiki. Ya ce lokacin da Inna ta je haihuwar fari gidan iyayenta a Keana, jaririnta ya koma, a makon kuma matarsa, ƙawarta da suke dafa gishiri tare, ta mutu wurin haihuwa. Inna ta ɗauki marayan ta ba shi nono, ta dawo da shi Lafiya a matsayin nata. Shekara talatin yana hango ɗansa daga nesa a kasuwa, bai taɓa kiransa ba.

Ranar arba'in na zazzage labarin gaban baffannina, don Baba ya riga ya rasu. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Nan take suka ce mamacin ba jininsu ba ne, don haka matarsa ta fita ta bar musu ɗaki, ko takaba ba su bari ta gama ba. 'Yarsa mai shekara huɗu ta riƙe min wando tana kuka, na ɓamɓare hannunta. Inna ta ɗaure kayanta ta bi matar da 'yar. A bakin ƙofa ta dube ni ta ce asalin wancan ta sani, ni da ta haifa da cikinta ne ba ta san daga inda na fito ba.

Tsohon ne ya ba su ɗaki. Can Inna ta rasu bayan shekara huɗu, ba ta nemi a kira ni ba. Ina cikin nadama har yau. Jama'a, kafin ku tono asalin mamaci ku duba wa zai kwana a waje, don shi ya tafi, masu rai ne za su sha wahala. Yarinyar yanzu tana sakandare. In mun haɗu takan rusuna ta gaishe ni tana ce min Malam, kamar kowane baƙo.