Ƙafar Safara'u Mai Tuwo

Shekara talatin da ɗoriya Safara'u ta yi tana sayar da tuwo a bakin iyakar Jibiya, inda direbobin Maraɗi ke jira a duba musu takardu. A tsaye take tuƙi, a tsaye take kwasa, a tsaye take faɗa da masu cewa miya ta yi ruwa. Ni maƙwabciyarta ce, tun muna da haƙora nake gaya mata kujera ba ta cizo.

Jijiyoyin ƙafarta ta hagu suka kumbura, suka murɗe kamar igiyar guga. Daga baya gyambo ya buɗe a idon sawu, ya ƙi warkewa. Wanzami ya yi mata ƙaho, jini ya ƙi tsayawa, muka kwashe ta sai asibiti a Katsina. Can likita ya zura siririyar waya cikin jijiyar da ta lalace, ya ƙone ta daga ciki, ya ce jini zai bi wata hanya. Ya ba ta doguwar safa mai matsewa. A gabana ya faɗa har sau biyu: ta riƙa tafiya kullum, don in ta lafke a gado jini na iya daskarewa a ƙafar, ya haura ƙirji.

Muna dawowa 'yarta Ummusalma ta iso daga Maraɗi. Ta shimfiɗa katifa, ta tuɓe mata safar wai tana hana jini gudu, ta ɗora ruwan gashi.

"Inna ba za ta taka ƙasa ba sai ta yi arba'in," in ji ta.

Na ce, "Ke 'yar nan, haihuwa ta yi? Ina jaririn, mu je suna?"

'Yan dubiya suka cika ɗaki, kowacce ta shigo sai ta ce kwanta ki huta. Safara'u, da ba ta taɓa samun mai lallaɓa ta ba, ta miƙe ƙafa ta ji daɗi. Kwana uku ina zuwa gaisuwa, ina fakar ido ina latsa sha-raɓarta. Ran na huɗu na ji ta ɗan yi tauri. Na tuna gargaɗin likita.

Na zauna na gyara murya. "Af, na manta. Bilki ta kafa tukunya a wurinki. Direbobi sun ce miyarta ta fi yauƙi."

"Bilkin da ba ta iya kaɗa kuka ba?"

"Ita fa."

"Ummusalma, miƙo min safar nan da mayafina!"

Muka fito, ta dafa kafaɗata tana ɗingishi, tana zagin Bilki, wadda ko murhu ba ta kafa ba. Ni kuwa numfashinta nake saurare.

"Ya ƙirjin?"

"Ƙirjina ƙalau. Ina kika nufa da ni? Ba nan ce hanyar iyaka ba."

"Tasha," na ce. "Katsina za mu koma, likita ya taɓa wurin nan da kansa."